Yadda ɗan Maraɗi mazaunin waje zai shirya zuwa gida Salla

Wanda ke zaune Turai ko Amurka yana son ya yi Layya a Maraɗi, ba a watan Zulƙida yake fara shiri ba. Tun kafin azumi ake farawa, wani ma tun Rajab. Ni a Beljik nake da iyalina, kusa da Liyej, ina aiki a wani babban siton kaya. Gidanmu yana unguwar Bagalam a Maraɗi, inda Inna take har yanzu tare da ƙanena da matarsa. Samarinmu da suka zo daga baya sukan tambaye ni yadda ake zuwa gida Salla ba tare da mutum ya koma da bashi a wuya ba. Nakan amsa musu, sannan in ƙara da abin da ya fi bashin damuna: kar ka je ka dawo mahaifiyarka tana cewa ka zo amma ba ta gan ka ba. Na ga waɗanda suka kashe tarin shekara biyu, suka sauka Maraɗi, hutun ya ƙare musu tsakanin kasuwa, wurin tela, wurin magina da fadar abokai, tsohuwa kuwa gaisuwar safe kaɗai take samu, ita ma a tsaitsaye. Ka gama da hidimar kuɗi da ta saye-saye tun kana can, domin kwanakin da za ka yi a gida su zama na mutanen gida.

Wace Salla, wace rana

Kaɗan ne cikinmu ke iya zuwa Salla biyu a shekara guda. A Beljik doka kwana 20 take ba mai aikin kwana biyar a mako, mako huɗu ke nan. A Faransa mako biyar ne, ƴan uwanmu na Amurka kuwa sai abin da suka shirya da mai kamfani. Dole ka zaɓa. Ni Layya nake zaɓa, don ita ke tattaro dangi: na Yamai, na Damagaram, na Kano, har masu nema a Kwatano da Abijan, kowa yana ƙoƙarin ya yanka a gida. Amma wanda iyayensa suka manyanta ƙwarai, ina ba shi shawara ya gwada goman ƙarshe na azumi ko da sau ɗaya ne. Gari bai rikice da hidimar rago ba, kullum tare za ku sha ruwa, ka raka tsohonka asham, ka auna zakkar fidda kai da hannunka a tsakar gidan da aka haife ka.

Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, shi ya sa kowace shekara Salla ke rigan ta bara da kwana 10 ko 11. Layyar 2026 tana ƙarshen watan Mayu, ta 2027 tsakiyarsa, ta 2028 farkonsa. Wato tsakiyar bazara, lokacin da zafin Maraɗi ke haura 40 a ma'auni, kuma ba ta haɗuwa da babban hutun ƴan makaranta na Yuli da Agusta. A Beljik karatu tilas ne daga shekara 5, ba ka cire yaro daga aji don ka ga dama. Kar ka nemi takardar likita ta ƙarya, yaron yana kallon abin da kake yi. Ni da uwargida mun daidaita a kan haka: wata shekara in zo Layya ni kaɗai, wata shekarar mu taho gaba ɗaya da damina, lokacin hutunsu.

Kar ka kafa tikitinka a kan ranar da kalandar masallacinku na can ta nuna. Nijar da ganin watanta take aiki. A 2024 an yi ƙaramar Salla a Nijar ranar Talata 9 ga Afrilu, Saudiyya da Turai sai Laraba 10 suka yi. Wanda ya tsara saukarsa Maraɗi daren jajibirin lissafin Turai, a hanya Idi ya same shi. Ka iso gida da saura kwana huɗu ko biyar. Hutun kuma a rubuce ake nemansa, da wuri, domin abokan aikinka ƴan Maroko da ƴan Turkiyya su ma wannan makon suke so, kuma wanda ya riga rubutawa shi ake ba.

Takardu, allura, hanya

Ka buɗe fasfonka yau ka duba ranar ƙarewarsa, ya zama da sauran aƙalla wata shida. Katin zamanka na ƙasar da kake ya wuce ranar dawowarka sosai. Yaron da fasfon Turai kaɗai gare shi biza yake bukata kafin ya shiga Nijar, kuma ƙa'idoji sun sauya tun 2023, ga shi Nijar ta fita daga Sedeyawo, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 29 ga Janairun 2025. Abin da wani ya yi shekara uku da suka wuce ba hujja ba ne, ka tambayi ofishin jakadanci da kanka kafin ka biya kuɗin jirgi. In ɗayanku ne kawai zai yi tafiya da yara, ya riƙe takardar izinin ɗayan, da hatimin ofishin magajin gari.

Allurar riga-kafin cutar shawara dole ce, ana duba katinta mai ruwan ɗorawa a filin jirgi. Kwana 10 kafin tafiya ake yinta, tun 2016 kuma guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ana yi wa yaro daga wata 9. Da yake Salla ta koma lokacin zafi, ka tambayi likita batun allurar sanƙarau. Sai masassarar cizon sauro, wadda mu manya muke rainawa don mun tashi da ita. Jikin da ya shekara da shekaru a waje ya rasa sabon da yake da shi, yaran da aka haifa can kuwa ba su taɓa samunsa ba. Likita zai rubuta maganin riga-kafi, ana fara sha kafin a tashi, a ci gaba bayan an koma. A ɗaura wa kowa gidan sauro tun daren farko, ko da rani ne.

Air France ta daina zuwa Yamai tun watan Agustan 2023, yanzu ta Istambul ko Kasabalanka ko Adis Ababa muke bi mu sauka filin Diori Hamani. Daga Yamai zuwa Maraɗi kilomita wajen 660 ne: Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Galmi, Madawa, Gidan Rumji, Tsibiri, sai gida. Motocin Rimbo, STM, Al Izza da sauransu da asuba suke tashi, wuni guda ake yi a hanya. Makon Layya duk Yamai ke kwasowa zuwa garuruwa, saboda haka ka sa ɗan uwanka na can ya yanko maka tikiti tun da wuri, ka kuma ware kuɗin awon kaya, don akwatunanmu sukan zarce abin da aka yarje wa fasinja. Ka kwana ɗaya a Yamai. In akwati ya makara kana kusa, yara kuma sun huta kafin doguwar hanya.

Akwai masu sauka Kano su biyo ta Katsina, Jibiya, Ɗan Isa. Hanyar ba ta kai kilomita 300 ba, ta fi kusa nesa ba kusa ba. Sai dai iyaka ce za ka tsallaka, wadda aka rufe daga Agustan 2023 har Maris na 2024, yara masu fasfon waje suna bukatar bizar Najeriya, ga kuma sha'anin tsaro tsakanin Katsina da Jibiya. Wanda zai bi ta, ya bi da rana, bayan ya tambayi direban da ya bi ta a cikin makon. Ni in ina tare da iyali, Yamai nake bi.

Kuɗi

Nan ne yawancinmu ke tuntuɓe. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro guda sefa 655.957, wato yuro 100 jikka 65 da ƴan kai. Wanda ya saba kashe yuro, in ya riƙe jikka goma sai ya ga ba komai ba ce, ya yi ta miƙawa, kafin ranar Idi aljihu ya yi sanyi. Tun kana can ka kasa kuɗinka. Kashi na farko na wajibi: rago, cefane, ɗinki, itace, ladan mahauci. Na biyu goron Salla da alherin dangi. Na uku na abin da ba a zata ba, domin da wuya ka yi mako biyu a Maraɗi ba a yi rasuwa ko haihuwa ko kwanciya asibiti a danginku ba. Na huɗu kuɗin hayar ɗakinka da abincin watan da za ka koma, wannan a banki za ka bar shi can, kar ya ma hau jirgi da kai.

Kashi na farko ka tura shi tun kafin ka taso, a hannun mutum guda da ka yarda da shi. Ni ƙanena ne. Ina turawa ta Western Union ko makamancinsa, in akwai na dangin ƙauye shi kuma ya watsa ta Nita ko Amana. Yana rubuta komai a littafi, ba don ina zarginsa ba, sai don in wani ya ce ba a ba shi ba, littafin ya kare shi. Ka kuma tuna da shi kansa. Mai riƙe maka hidima yana barin sana'arsa yana yawon kasuwa a cikin rana saboda kai, ka yi masa ɗinkinsa da na matarsa ba sai ya roƙa ba. In za ka riƙo kuɗi a hannu, daga yuro 10,000 doka ta ce ka sanar da duwan kafin ka fita Turai.

Canji yakan yi wuya daf da Salla. Ka sa a riƙa tara maka ƴan dala ɗari-ɗari da jikka-jikka wurin masu kanti tun da saura makonni, da kwabbai na yaran unguwa. In ba haka ba, ranar Salla za ka tsinci kanka da takardun jikka goma zalla, ga yara ashirin a zaure.

Alherin dangi kuma kar ka tsara shi kai kaɗai. Ka kira mahaifiyarka ka ce, "Inna, ku lissafa mini gidajen da ya kamata in shiga da wani abu." Ita ta san wadda mijinta ya rasu bana, ta san wanda ciwo ya kwantar, ta san maƙwabciyar da ke kawo mata kunu in ba ta jin daɗi. A takardata kullum akwai abokan marigayi Baba da suka rage, da limamin unguwa, da iyalan malamin da ya koya mini allo. Kowa da ambulan ɗinsa, a miƙa a keɓe, ba a gaban jama'a ba.

Duk da haka za a zo maka da bukatun da ba ka shirya ba: jari, kuɗin aure, gyaran ɗaki kafin ruwa ya sauka. Mafi yawansu gaskiya ne, rayuwa ta yi tsada. Ka saurara har mutum ya gama, kar ka katse shi. In babu, ka faɗa da ladabi: "Kawu, ku yi mini haƙuri, abin da na zo da shi ya riga ya rabu." Kar ka ce za ka aiko in ka koma, alhali ka san ba za ka iya ba, domin dattijon zai kafa lissafinsa a kan maganarka. Samari kuma za su kewaye ka da zancen tafiya. Ka gaya musu gaskiya duka, da kuɗin haya, da sanyi, da shekarun da mutum kan yi babu takarda, da waɗanda hamada da teku suka ci. In ka nuna musu takalmi da waya kaɗai, kana da hannu a abin da ya biyo baya.

Rago, tela, tsaraba

Rago da saura wata biyu ko uku ake sayensa, a turke shi a gida da harawa da dusa. Makon ƙarshe kuɗinsa hawa yake, musamman in dillali ya ji an ce na ɗan Turai ne, don haka ba kai za ka shiga kasuwa ba. Balami abin sha'awa ne, yankinmu kuma gidansa ne, amma Layya ba gasa ba ce. Abin da shari'a ta nema shi ne ya cika shekara, ba mai ido ɗaya ba, ba gurgu ba, ba majinyaci ba, ba ramamme ba. Ni na fi son matsakaita biyu, ɗaya na Inna ɗaya nawa, a kan ƙato guda da za a tsaya ɗaukar hotonsa. Nama ya fi isa gidaje. A sayi itacen gashi da sanduna da wuri, a kama mahauci tun kafin a yi masa yawa.

Tela ma haka. Ka auna kanka da yara ka tura awon ta WhatsApp, a kai masa yadi da saura wata guda. Makon Salla kwana suke kan keke, wuta kuma tana ɗaukewa lokacin zafi. Shadda da atamfa kar ka ɗauko su daga waje. Alhazan Maraɗi suna kawo kaya daga Kwatano, Dubai da Sin, abin da za ka cika akwati da shi yana nan Babbar Kasuwa, sau da yawa ma ya fi araha. Yawancin jirage akwati biyu masu kilo 23 suke bayarwa, ka cika su da abin da zai yi amfani bayan tafiyarka: na'urar awon hawan jini, ta awon suga in akwai mai ciwon, takalmi mai taushi na tsofaffi, waya mai sauƙin sarrafawa da manyan lambobi. Ka wanko hotunan jikoki a takarda. Inna ba ta iya neman hoto a waya, amma wanda ke jingine kan kwabarta kowace baƙuwa sai ta nuna mata shi. Maganin da likita ya rubuta maka kai, kar ka raba wa kowa. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, ka haɗa da kaya kala guda da za ka iya zuwa Idi da su ko akwati bai iso ba.

In ka sauka

A gida za ka sauka. Na san akwai zafi, na san otal yana da sanyi, amma wanda ya kwana otal baƙo ne, sai an yi masa iso. In ɗakin ne bai yi ba, ka aiko a gyara shi tun kafin ka zo, a sa fanka mai aiki da hasken rana, in ka tafi ya amfani mutanen gida. Da bazara ma kowa a tsakar gida yake kwana.

Ranar farko ta mahaifiya ce, babu fita. Washegari ka yanki layin waya, Airtel ko Moov ko Zamani, da katin shaidarka, sannan a fara gaisuwa. Gidajen da aka yi rasuwa bayan tafiyarka su ne farko, ko da ka yi ta'aziyya ta waya, domin zumunta a ƙafa take. Daga nan baffanni, kawunnai, gwaggwanni, surukai, sai gidajen barka. Da sassafe ake wannan yawo, kafin rana ta buɗe, a ƙafa ko a kabu-kabu, tare da ƙane ko ɗan yaya wanda zai tuna maka sunayen yaran da aka haifa ba ka nan. Ka ziyarci maƙabarta kafin Salla. Dangin ƙauye, musamman na wajen Madarunfa da Gidan Rumji kusa da iyaka, ka tambayi mutanen gida halin da hanya take ciki, ka je da hantsi ka dawo kafin la'asar. In sun ce kar ka je, ka ji maganarsu, ka aika a ɗauko tsofaffin su zo gari.

In uwargida ta zo, ita ma ɗiyar wasu ce. Ku raba kwanakin tun kuna can, ta je gidansu ta kwana da yara, ba leƙawar yini guda ba.

Sai babban abin. Ka ware wani lokaci a kowace rana wanda ba mai taɓa shi, na zama da iyaye. Nawa daga hantsi ne zuwa azahar, lokacin da rana ta hana kowa fita. Waya tana ɗaki, ni ina kan tabarma kusa da Inna, tana tsince zogale ko tana jan carbi. Ba dole sai an yi wata babbar magana ba. Da farko labarin unguwa za ta ba ka, wa ya yi aure, wa ya tafi Umara. Sai an kwana biyu ana wannan zama sannan ainihin maganar ke fitowa: ƙafar da ke mata ciwo da dare, wadda ta hana a gaya maka don kar hankalinka ya tashi, saɓanin da ke tsakanin yayarka da matar ƙanenka, bashin da marigayi ya bari wanda ita kaɗai ta sani. Waɗannan ba sa fitowa a waya, ba sa fitowa a gaisuwar tsaye. Ka ce, "Inna, ku kawo magungunan da kuke sha in gani," ka karanta kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ka kai ta wurin likita da kanka ka ji abin da zai ce da kunnenka. Ka tambaye ta iyakar gonar gado, da sunayen kakanni, da yadda danginku suka hauro tudu bayan ambaliyar 1945 da ta ci tsohon gari. In ta yarda ka ɗauki muryarta, domin jikokin da ba su iya tambaya ba tukuna.

Fadar abokai tana da haƙƙi, shayin dare da su yana cikin daɗin zuwa gida, amma bayan isha'i, in tsohuwa ta kwanta. Ginin da kake yi a unguwar Ali Ɗan Sofo ko ta Zariya kuma ka ba shi yini guda bayan Salla. In ka sake masa, shi kaɗai zai cinye hutun.

Yara tun can ake shirya su. Su iya "ina kwana" da "ina wuni", su san ana durƙusa wa manya, ba a miƙa abu da hagu, ba a kiran babba da sunansa. In sun iso a bar su su shiga cikin ƴan uwansu, su ci a kwano guda, su je yawon Salla. Ruwan sha kaɗai nake tsanantawa: na gora ko dafaffe, ban da ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, a kuma ajiye gishirin zawo a kusa. In Hausarsu ta karkace aka yi dariya, ka yi wa manyan magana a gefe, don yaron da aka yi wa dariya sau biyu rufe bakinsa yake ya koma Faransanci. Wanda bai taɓa ganin yanka ba, a yi masa bayanin Annabi Ibrahim da ɗansa tun da dare, kar a tilasta masa tsayawa.

Ranar Idi ku fita da wuri da tabarmarku. Bayan an sauko, ka kai yara su ga Sarkin Katsinan Maraɗi yana komawa fada da dawaki da dogarai da kakaki, su san garinsu yana da sarauta da tarihi. Ba a yanka sai liman ya yanka. In za ka iya, ka yanka naka da hannunka, ka kama aikin fiɗa, ka tsaya wurin da ake tsire raguna a sanduna ana jera su kewaye da wuta. Kar ka zauna kan kujera da babbar riga ana yi maka hidima. Kayan ciki ake soyawa a ci ranar, washegari a sauke gashi a raba, kuma rabon nan na Inna ne, ita ta san wa ke samun cinya wa ke samun haƙarƙari. Kai dai ka ɗauki na manyan dangi ka kai da kanka, ka roƙi gafara kamar yadda aka saba.

Komawa

Ka bar Maraɗi da saura kwana biyu jirginka ya tashi. Sallama da dattawa a jajibirin tafiya ake yinta, a zauna a karɓi addu'a, ba da asuba mota na jira ba. Za a haɗa maka tsaraba, kuma a nan sai ka dage: dokar Turai ta hana shiga da nama da kayan madara a akwati, wato kilishi, soyayyen naman Layya, cuku da man shanu, Amurka ma ba ta barin nama. In an kama, a ƙwace, wani lokaci har da tara. Ka ci rabonka a gida. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji da ƙuli-ƙuli nake ɗauka. Saƙon da aka ba ka ka kai wa wani, a buɗe shi a gabanka, ko na wane ne. In zazzaɓi ya kama wani cikinku bayan kun koma, ko da an yi makonni, ku je asibiti a ranar, ka ce daga Nijar kuke, a auna jini. Likitan can ba zai kawo masassarar sauro a ransa ba sai ka faɗa.

Shekarar da ba ka samu zuwa ba

Irin wannan shekarar ta fi yawa, kuma ita ma shiri take so. Ka faɗa wa iyaye da wuri cewa bana ba ka zuwa, kar ka bar su suna sauraron mota. Kuɗin hidima su isa da saura wata guda. Yawancinmu a Beljik gida muke wakilta a yanka mana, tun da yankin Falanda da na Waloniya suka hana yanka ba tare da an sumar da dabba ba a 2019, kuma ko ba don haka ba, masu bukatar naman suna Maraɗi.

Ka ɗauki hutun yini guda ko ta halin ƙaƙa, ka sa kayan Salla, ka je Idi, da yamma ko ranar Asabar ku haɗu da sauran ƴan Nijar, kowace uwargida ta zo da tukunyarta, a ba yara goron Salla kamar a gida. Ku nemo ɗalibai da gwagware da waɗanda ba su da takarda ku zaunar da su cikinku, su ne Salla ta fi yi wa nauyi.

Lokacin sanyi agogon Beljik da Faransa ɗaya ne da na Nijar, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gaba da awa guda. Niyok tana baya da awa biyar ko shida, mutumin can in ya jira ya tashi daga aiki ya tarar gida an kwanta. Kar ka kira ana tsakiyar fiɗa, ba mai hannun riƙe waya, layi kuma a cunkushe yake. Ni nakan kira Inna da sassafe kafin a tafi Idi, sannan da la'asar a yi kiran bidiyo, ƙanena ya zaga da wayar, yara su gaida kowa da sunan da ya dace da shi. Tsofaffin da ba su da WhatsApp, irin Gwaggo ta Tsibiri, kai tsaye nake kiran lambarsu ko da ya fi tsada, ba na aika a gaishe mini da su. Washegari in an gama rabo, ƙanena ya karanto mini gidajen da aka kai wa nama, in duba da takardata ko an tsallake wani.